Baduhu da Layar Zana: Tarihin Cutar Kwamfutar da Ke Gane Ana Kallonta

Duk wanda ya taɓa zaman gadi ya san ɓarayi iri biyu ne. Akwai mai haura katanga ido rufe, in an kama shi an kama. Akwai kuma wanda zai fara jefa tsakuwa tsakar gida ya laɓe, ya ji ko kare zai yi haushi, ko wani zai haska tocila. Da ya ji motsi sai ya gyara hularsa ya wuce, kamar mai neman masallaci. A duniyar kwamfuta ma akwai irin wannan na biyun, kuma yau kusan shekara 40 ke nan yana wahalar da masana tsaro. Tarihinsa nake so mu bi, daga wani shago a birnin Lahore har zuwa bankunan ƙasashenmu masu kashe sefa. Ni dai sana'ata gyaran kwamfuta da waya a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda ake rubutawa PK5, saboda haka mai karatu zai ga na fi jimawa a inda labarin ya taɓo mu.

Masu kutse ba sa shiga kwamfuta da dukkan kayansu lokaci guda. Sukan fara neman wata ɓaraka a jikin manhaja, su cusa wani ɗan guntun umarni ta wajen, wanda sau da yawa bai kai tsawon wannan sakin layi ba. Aikinsa ya buɗe ƙofa daga ciki, ya kira manyansa. Masana na ce masa shalkod. Ni ɗan share fage nake kiransa, domin ya yi kama da siririn yaron nan da ɓarayi kan zura ta taga ya zare musu sakata. Shi kuwa mai bincike, babban makaminsa wata manhaja ce da ake kira dibaga. Asali an yi ta ne don masu rubuta manhaja su riƙa gano kurakuransu: takan tsayar da manhaja cak, ta sa ta tafiya taki ɗaya-ɗaya, mutum yana kallon abin da kowane taki ya taɓa. In ɗan share fage ya faɗa hannunta, asirinsa ya tonu, an san inda yake kira, da abin da zai ɗauko, da ɓarakar da ya bi. Ranar da aka toshe ɓarakar kuwa, jarin maigidansa ya ƙone. Wanzami ba ya son jarfa, shi ya sa tun farkon zamani masu wannan sana'a suka duƙufa neman layar zana.

Layar farko a Pakistan aka ɗinka ta. A watan Janairun 1986 wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, masu shagon kwamfuta a Lahore, suka rubuta cutar da aka sa wa suna Brain. Tana zama ne a farkon faifan filofi, sashen da kwamfuta ke fara karantawa in an kunna ta. Dabararta ita ce ta kwashe abin da ta tarar a wurin ta adana shi gefe. In mai bincike ya ce a nuna masa farkon faifan, sai ta tare tambayar a hanya ta miƙa masa tsohon, lafiyayye. Ya duba ya ga ba komai, alhali tana zaune a kai. Abin dariya, mutanen da suka iya wannan ɓuya sun rubuta sunansu da adireshin shagonsu da lambobin wayarsu a cikin cutar. Zamanin ne haka. Ba a fara neman kuɗi da abin ba tukuna.

Ɗan share fage na gaskiya kuwa, wanda ya fara girgiza duniya, ya fito ne daren 2 ga Nuwamba 1988. Robert Tappan Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata tsutsa a intanet, lokacin da kwamfutocin da ke kai ba su wuce kimanin 60,000 ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta ita ce wata ƙaramar manhaja da ta tanadi wurin haruffa 512 don karɓar tambaya, ba ta kuma auna abin da aka zuba mata. Tsutsar sai ta zuba 536. Kamar mudu ne aka cika ya yi toliya, rarar ta malala ta danne wurin da kwamfuta ke ajiye adireshin inda za ta koma bayan ta gama aiki, sai ta koma inda baƙon ya nuna mata. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne yadda tsutsar ta shirya wa masu bincike tun kafin su san da ita. Tana shiga sai ta sauya sunanta zuwa na wata manhajar yau da kullum. Ta goge fayilolinta daga faifai, ta zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai. Kalmomin da ke cikinta a hautsine suke, ba sa karantuwa. Ta kuma hana kwamfuta ajiye hoton ƙwaƙwalwarta in ta faɗi, wanda shi ne gawar da likita zai feɗe. Duk da haka cikin 'yan kwanaki masana a Berkeley da MIT da Purdue suka warware ta. An ƙiyasta ta kama kwamfuta wajen 6,000. Kotu ta samu Morris da laifi a 1990, ta yanke masa shekara uku na zaman sa-ido, da aikin al'umma na sa'a 400, da tarar dala 10,050. A dalilin tsutsar aka kafa cibiyar CERT a jami'ar Carnegie Mellon.

A 1990 aka ga wata cuta mai suna Whale, wato dabbar nan mafi girma a teku. Girmanta ya haura bayit 9,000, a zamanin da cututtuka da yawa ba sa kai 2,000, kuma mafi yawan wannan ƙiba tarkuna ne da aka ɗana wa dibaga. Tana lulluɓe kanta rufi bisa rufi, tana kwance sashe ɗaya ta yi aiki da shi ta sake ƙulle shi, tana kuma lalata ƙugiyoyin da dibaga ke riƙe manhaja da su. Ta ci wa masana lokaci ƙwarai. Amma garin gyaran gira an rasa ido: nauyin sulken ya sa kwamfutar da ta kama ke jan ƙafa ko ta sandare, mai ita ya gane nan take, cutar kuma ba ta yaɗu a zo a gani ba. A shekarar ce kuma Mark Washburn ya rubuta cutar 1260 mai sauya kama kamar hawainiya, sannan wajen 1992 wani mai kiran kansa Dark Avenger a birnin Sofia na Bulgeriya ya fitar da injin sauya kama wanda kowane ɗan koyo zai iya liƙa wa cutarsa. A lokacin, manhajojin riga-kafi suna gane cuta ne da tambarinta, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa da shaidar da aka yi mata a cinya. Hawainiya ta kashe wannan kasuwa. Sai kamfanonin riga-kafi suka ɓullo da wata dabara: su gina ƙaramar kwamfutar bogi a cikin manhajarsu, su saki abin da ake zargi a ciki, su jira ya tuɓe rigarsa da kansa, tunda dole ya tuɓe kafin ya yi aiki. Daga nan gasar ta sauya fuska. Tambayar cuta ta koma: ina nake, gidan mutane ko ɗakin gwaji?

A Nuwamban 1996 mujallar 'yan dandatsa mai suna Phrack, a fitowarta ta 49, ta buga maƙalar Elias Levy, wanda aka fi sani da Aleph One, inda ya yi bayanin cika mudun nan dalla-dalla. Daga ita sunan shalkod ya bazu. Masu tsaro suka kafa na'urorin sa-ido a bakin hanyoyin sadarwa suna neman kamanninsa, masu kutse suka mayar da martani da injinan sauya masa kama. Wanda ya fi suna yana cikin Metasploit, kundin kayan gwajin tsaro da H. D. Moore ya fara a 2003, kuma sunansa da Japananci yake, Shikata ga nai, ma'ana babu yadda za a yi. Tsiwa ce kawai ake yi wa masu riga-kafi. A 2004 kuma wata masaniya 'yar Polan, Joanna Rutkowska, ta nuna cewa da 'yan layuka kaɗan manhaja za ta iya gane ko tana cikin kwamfuta ta gaske ko ta bogi.

Yadda ake gane ɗakin gwaji ba wani tsafi ba ne, lura ce irin ta mai jefa tsakuwa. Manhajar Windows da kanta tana ɗaga wata 'yar tuta in dibaga na riƙe da manhaja, cuta sai ta leƙa tutar. Ko ta duba agogo kafin wani aiki da bayansa: abin da ya kamata ya ɗauki ƙiftawar ido in ya ɗauki daƙiƙa biyar, to mutum ne ke tafiyar da ita taki-taki. Ko ta shafa jikinta ta ji ko an soka mata alamar tsayawa. Da aka fara amfani da ɗakunan gwaji masu sarrafa kansu, irin Cuckoo da Claudio Guarnieri ya fara a 2010, sai cututtuka suka lura cewa ɗakin na da gajen haƙuri, minti kaɗan yake ba kowane fayil saboda layi ya yi tsawo. Sai su shiga su yi barci, a rubuta musu takardar lafiya, su farka daga baya. A ƙarshen 2012 kamfanin FireEye ya ba da labarin wata mai suna Upclicker, wadda ba ta motsi sai ta ji an latsa linzamin kwamfuta an saki, domin a ɗakin gwaji babu hannun ɗan Adam.

Mu a Kilomita Biyar, wannan tarihi ya iso mana ne a cikin kile, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira filashi. A watan Satumban 2013 FireEye ya bayyana wata tsutsa da mai ita ke kiran kansa Houdini, sunan shahararren mai dabon nan na Amurka da ke kwance kansa daga sarƙa, kuma alamu sun nuna daga Aljeriya yake. A ma'aunin masana ita ba ɗan share fage ba ce, rubutu ce zalla da Windows ke karantawa ta aiwatar, amma ta gaji layar Brain da rigunan Whale. In ka buɗe ta za ka ga tsibin haruffa da lambobi marasa ma'ana, ka warware ka tarar da wani tsibin a ƙasa. In ta shiga kile sai ta ɓoye fayilolin mutum, ta ajiye gumakansu a madadinsu, masu suna iri ɗaya da kama iri ɗaya. Ka latsa gunkin, ita ce za ta fara tashi. A shagunan intanet da na buga takardu na Bangui da Duwala da Yamai ana ce mata cutar rakursi, daga kalmar Faransanci ta gajeriyar hanya.

Lokacin da ta zo ne ya sa ba zan manta da ita ba. Ranar 5 ga Disamba 2013 'yan anti-balaka suka afka wa Bangui, kuma cikin makonni unguwarmu ta zama kurkuku mai faɗi, wanda fita daga cikinsa kan iya zama ajali. A farkon 2014 manyan motoci na ta kwasar mutane zuwa Chadi da Kamaru. Wanda aka ƙona wa gida a wata unguwa, sau da yawa abin da ya rage masa na shaida shi ne hoton takardun da ya taɓa ɗauka ya zuba a kile: takardar haihuwa, takardar fili, sakamakon jarrabawar 'ya'ya. Na ga dattijo ya miƙo kile da hannu biyu, an sa a kwamfuta, aka ga ba komai sai gumaka. Ya ce, "Ɗana, duba da kyau, gidana na ciki." Na ce, "Baba, yi haƙuri ka zauna, ba a goge ba, ɓoyewa aka yi." Umarni ɗaya ne ke cire wa fayiloli wannan baduhu, amma wanda bai sani ba sai ya wanke kilen gaba ɗaya don ya rabu da cutar, ya wanke har da gidan nasa. An yi asara irin wannan ba kaɗan ba. Abin haushin shi ne tsutsar ba takardun kowa take so ba. An yi ta ne don ta kira maigidanta ta intanet ta karɓi umarni, mu kuwa yawancin kwamfutocinmu ba sa kan intanet a lokacin, sai ta yi ta sallama a ƙofar da babu kowa. A ƙarshen Yunin 2014 kamfanin Microsoft ya samu izinin kotu a Amurka ya ƙwace adireshin da danginta ke kira ta kansu, ya ce a cikin wata 12 ya gano ita da wata 'yar'uwarta daga Kuwaiti fiye da sau miliyan 7. Wannan bai fitar da ita daga kile ko ɗaya ba a kasuwarmu.

Wani lokaci tsoron ɗakin gwaji kan kashe cuta da kansa. Ranar 12 ga Mayu 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura cewa kafin ta fara ɓarna takan kira wani dogon adireshi na shirme wanda ba a yi wa rajista ba. Ya biya ƙasa da dala 11 ya yi masa rajista, sai ga cutar ta daina kulle kwamfutoci. Fassarar da shi ya bayar ita ce, ɗakunan gwaji kan amsa kowane kira don su yaudari cuta, saboda haka masu ita suka tsara in adireshin da babu shi ya amsa, to ta janye. Da ya yi rajistar sai duniya duka ta zame mata ɗakin gwaji.

Wanda ya tattara duk waɗannan dabaru wuri guda shi ne GuLoader, da aka fara gani a ƙarshen 2019. Ɗan share fage ne tsantsa, ba ya sata da kansa, dako yake yi. Yakan ɗauko ainihin cutar a ƙulle daga wurare masu mutunci irin Google Drive, inda mai gadi ba zai yi zargi ba, ya kwance ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da ta taɓa faifai ba. Kafin nan sai ya gama jifan tsakuwarsa. Yana laluben ƙwaƙwalwa shafi-shafi yana neman sunayen kwamfutocin bogi, yana duba agogo, har tagogin da ke buɗe yakan ƙirga, in ba su kai 12 ba ya ce nan ba mutum. Nau'o'insa na baya kuma da gangan suke jefa kansu cikin kuskure dubbai, su bi ta ƙofar gyaran kuskuren su ɓulla wani wuri, mai bin sawu ya yi ta faɗawa rami. A Yunin 2020 kamfanin Check Point ya danganta shi da wani kamfanin Italiya mai suna CloudEyE, wanda ke sayar da shi a fili da sunan kariyar manhaja daga masu satar fasaha. A ganina nan ne tarihin ya juya da gaske. Abin da marubucin Whale ya ɓata basirarsa a kai don a yaba masa, yanzu haya ake ba da shi wata-wata, mai haya kuma ba ya buƙatar sanin yadda aka ɗinka layar.

Akwai wani abin ban dariya a nan da ya shafe mu. Cututtuka da yawa na zamani kan auna girman ƙwaƙwalwa da faifai, domin ɗakin gwaji yawanci a tsuke ake gina shi. To tsofaffin kwamfutocin da ke iso mana ta hanyar Duwala da Garoua-Boulaï, waɗanda Turai ta gama yayinsu, wasunsu sun fi ɗakin gwajin ma talauci. Ba mamaki wata cutar ta leƙa ta ce tarko ne, ta yi gaba. Haka kuma a Mayun 2021 ɗan jarida Brian Krebs ya ja hankali cewa yawancin cututtukan neman fansa na Rasha ba sa taɓa kwamfutar da aka sa wa allon rubutun Rashanci, don masu su na gudun fushin hukumar gida. A garin da Rashawa ke yawo tun 2018, wannan labari ya ba abokan sana'ata dariya. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya dogara da talauci ko Rashanci a matsayin riga-kafi.

Wanda bai yi dariya ba shi ne banki. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da suka sa wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 ya kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, ya kwashe aƙalla dala miliyan 11, ana kuma jin adadin zai iya kai miliyan 30. Cikin ƙasashen da abin ya shafa akwai Nijar da Najeriya da Kamaru da Gabon da Mali da Senegal da Kodebuwa. Ɗan kasuwar Kilomita Biyar da ke tura kuɗin kaya Duwala, ko mai aika wa iyalinsa a Maraɗi, ta irin waɗannan bututu kuɗinsa ke bi. Gungun bai ƙera makami ko ɗaya ba. Saƙon imel ne da Faransanci, da sunan ofishin haraji ko tallar gurbin aiki, ma'aikaci ya buɗe, shi ke nan. Sukan zauna cikin banki wata uku har shekara suna koyon yadda ake tura kuɗi, sannan su zaɓi ƙarshen mako ko ranar hutu. A wani hari sun yi amfani da asusun 'yan karɓa sama da 400 don zare kuɗin ta na'urorin ATM. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: wasu ɓarakokin da suka bi an daɗe da fitar da facinsu, ba a liƙa ba. Cikin jerin kayan aikinsu kuwa har da Houdini, tsutsar kilenmu, ta samu aiki a banki.

A Janairun 2023 kamfanin Symantec ya ba da rahoton hare-hare kan cibiyoyin kuɗi uku a ƙasashen Afirka uku masu Faransanci, tsakanin Mayu da Satumban 2022, ya ce alamu sun nuna gungun ne dai. A wannan karo GuLoader ne ya share musu fage, a cikin fayiloli masu sunan neman aiki. Da suka shiga kuma ba su tsaya ɓuya ba, sun zo da wata manhaja mai ɗauke da sa hannun amincewa na gaske, suka kashe riga-kafin bankin da ita. A farkon Yunin 2023 'yan sandan Kodebuwa suka kama wani da ake zargin jigo ne a gungun, a wani samame da Interpol ta sa wa suna Nervone, ta kuma sanar da shi a watan Yuli, tare da Afripol da Group-IB da Orange.